Muktari, Mu-Koma da Warin Albasa

A Adar, namijin da bai taɓa fita biɗar kuɗi ƙasar waje ba dole ya nemi abin da zai tsare mutuncinsa da shi, in ba haka ba ko yara sai su riƙa yi masa kallon wanda bai gama girma ba. Muktari bai taɓa fita ba. Haifaffen Bambeye ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, uwarsa kuma ta rantse ba zai taka Kwaddibuwa tana da rai ba. Da ta rasu shekaru sun riga sun ja, ga mata ga 'ya'ya, ga sana'ar facin taya da ya kafa a Tawa, bakin hanyar da ke fita Takanamat. Abin da Allah ya ba shi a madadin tafiya shi ne baki, sai ɗan Faransancin da ya kwaso a lakkwal, wato makarantar boko, kafin jarrabawa ta kayar da shi. Kada ku ɗauka Faransancin nan wani mai yawa ne, ko tiya bai cika ba. Amma a hannun Muktari sai ya ciyar da unguwa.

Jikin rumfar facinsa akwai rumfar Rissa, wani Buzu mai shayi da ya sayi farantin sola da talabijin don ya riƙe masu shan shayinsa. Nan fada take zama daga la'asar zuwa kiran magariba, kuma abin da ya haɗa ta wani wasan Turawa ne mai dogon zango, wanda aka fara shi tun kafin a haifi rabin 'yan fadar. Rissa ke samo shi a kati wurin masu tura finafinai a kasuwa, an juya shi da Faransanci. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin harshen kowa, sai aka raɗa masa Ayarin Sama. Labarin wani mutum ne na ƙarfe, da suke kira Madugu, yana tuƙa jirgi tsakanin taurari ɗauke da irin shuka na wata duniya da ta ƙone, yana neman ƙasar da zai tsira. Shi Madugu ba ya tsufa, amma jirgin ba ya tashi sai da ɗan Adam a ciki. Don haka abokan tafiyarsa ke canzawa: wani ya mutu, wani ya yi aure a wata duniya, wani ya gaji ya sauka.

Aikin Muktari fassara. Rissa zai rage murya, shi kuma ya tsaya gefen talabijin da ƙarfen cire taya a hannu yana nuni. Abin da ya ji ya faɗa, abin da bai ji ba ya cike da gishiri, kuma kowa ya san da gishirin, don shi ma ake zuwa. In jirgi ya sauka wata jar ƙasa mai duwatsu, sai ya ce an iso Tebaram ran kasuwa. In dodo mai baki da yawa ya fito, sai ya ce ga surukar tsoho Tanko ta zo biko. A wannan ɗan lokacin babu wanda ke tuna cewa Muktari bai taɓa wuce Ƙonni ba, kuma shi ma yakan manta.

Kan Madugu babu gardama, ƙarfe ne, ba ya laifi. Rigimar duk kan abokan tafiya take. 'Yan kabu-kabu, Sadiƙu ne babbansu, suna bayan wani ƙato da suke kira Soja, mai harbi kafin ya yi tambaya. Habi mai ƙosai, da ke leƙe daga bakin kaskonta, ta ce duk jirgin nan ba a taɓa ɗaukar mai hankali ba sai Malama Tabarau. Tsoho Tanko kuwa ya tsaya kan wata tsohuwa ta farkon wasan da ake kira Gwaggo.

"Tun da Gwaggo tas sauka jirgin ga ya lalace," in ji shi kullum. "Ku yara ba ku ga komi ba."

"Baba, Gwaggon da ko bindiga ba ta iya riƙewa?"

"Bindigar mi? Ita da harara ɗai take korar dodo!"

An taɓa ɓarar da butar shayi kan wannan magana, Rissa ya yi fushi ya rufe talabijin har sai da aka ba shi haƙuri. Amma akwai mutum ɗaya da ya haɗa kan fada duka, wato abokin tafiyar da ake kallo a lokacin, wani siriri mai idon tausayi. Duk duniyar da aka sauka, komai kyanta, shi maganarsa ɗaya ce, yaushe za a koma gida. Muktari ne ya sa masa Mu-Koma, sunan kuma ya zauna. In ya fito sai tsaki ya tashi ta ko'ina. Sadiƙu ya ce da shi ne Madugu da tuni ya buɗe taga ya wurga shi waje.

Mutum ɗaya ne ba ya tsaki, Garba. Shi da Muktari tare suka tashi a Bambeye, tare aka yi musu kaciya, tare suka ci dukan satar gyaɗa. Garba ya fita biɗa kamar kowa, ya je Abijan, amma ko shekara bai rufa ba ya dawo a bayan motar albasa, hannu rabbana. Aka ce ciwon ƙirji ne ya koro shi, mutane suka yi masa jaje suka bar zancen. Ya sayi jaki da amalanke yana dako a kasuwa, da damina ya koma gona. In ya zo fada can baya yake zama kan tsohuwar taya, ya sha kofinsa shiru. Sau ɗaya aka taɓa jin ra'ayinsa, ran da zagin Mu-Koma ya yi yawa.

"Ku ƙyale shi hakanan," ya ce. "Ai yana aikinai. Gida ɗai yaka so."

Aka yi dariya aka wuce. Muktari ne kaɗai ya san inda maganar ta fito. Wata rana a gona, suna hutawa gindin aduwa, Garba ya gaya masa gaskiya: babu wani ciwon ƙirji. Yana cikin tallarsa a wata kasuwar Abijan aka sauke albasar Adar, warinta ya buge shi, ya tuna ƙofar gidansu da ɗiyarsa da ya baro tana rarrafe, sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Tun daga ranar abinci ya ƙi shiga. Ya riƙa zuwa wurin motocin albasar yana tsayawa don ya ji warin, har ya roƙi wani direba ya dawo da shi. Ya ce ko matarsa Kaltumi bai gaya wa ba. Muktari ya dafa kafaɗarsa ya ce maganar ta mutu a gindin aduwar nan.

Ranar da abin ya faru, tun kafin a kunna talabijin Sadiƙu ya tasa Muktari a gaba. Gardama ce ta tashi kan ko Soja ya fi Malama amfani a hanya, Muktari ya sa baki, sai Sadiƙu ya juyo.

"Kai kuma mi kas sani ga tahiya? Mu da munka ga Tirabulus muna magana, kai da ko kwana ba ka taɓa yi cikin mota ba? Ai in Madugu yaz zo Tawa, kai ko Mu-Koma ya hi ka, shi dai ya hita."

Fada ta kwashe da dariya. Muktari ya yi ta shi ma, ta yaƙe. Aka kunna wasa. Sai ga Mu-Koma kwance a jirgi ya ƙi cin abinci, Madugu tsaye kansa yana tambayarsa me ke damunsa. Mu-Koma ya yi wata doguwar magana ƙasa-ƙasa, wadda ko rabinta Muktari bai kama ba. Ana jiran gishiri, shi kuma yana neman inda zai juya dariyar da ke kansa. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, bakin ne ya riga shi. Ya langaɓe kai, ya siranta murya.

"Wallahi Madugu, ba ciwon ƙirji ba na, ƙarya nika yi. Warin albasa nij ji cikin kasuwa, nit tuna ɗiyata, niz zamna ƙasa ina kuka. Don Allah ka biɗo min motar albasa in koma!"

Dariyar da aka yi ranar har Habi sai da ta bar ƙosai ya ƙone. Da Garba ya daure ya zauna, wataƙila da an ɗauka gishiri ne irin na kullum. Amma ya ajiye kofinsa a hankali kan taya, da sauran shayi a ciki, ya tashi ya kama hanya. Idanu suka bi shi. Kowa ya san a motar da ya dawo, kowa ya san ciwon da aka ce. Dariyar ta tsaya, sannan ta sake tashi, wannan karon ta fi ta farko muni, don yanzu ta sami mai ita. Muktari yana tsaye da ƙarfensa a hannu, ya ji kamar ya ƙwala wa kansa shi. Sai ya ci gaba da fassara, don bai san abin da zai yi ba in ya daina.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo kasuwar Tawa ta ɗauka. In Garba ya wuce da amalankensa sai masu albasa su ɗaga guda su ce ya zo ya shaƙa kyauta. Yara na bin jakinsa suna kiran Mu-Koma. Labari ya je Bambeye, ya je gidan surukansa. Ba mugunta ce ta sa mutane yi ba, a ganinsu wasa ne, kuma a ƙasar da kusan kowane gida ke da wanda ya haɗiye kewa ya zauna a baƙon wuri shekara da shekaru, wanda bai haɗiye ba abin wasa ne mai daɗi. Garba kuwa ya janye jikinsa. Ya daina zuwa fada, ya canza hanyar da yake bi zuwa kasuwa.

Muktari kuwa ya shiga uku a ransa. Ya sha zuwa ƙofar gidan Garba da niyyar ya ce ya yi kuskure. Garba zai fito ya shimfiɗa tabarma, a gaisa, a yi zancen ruwa da tsadar dusa, sai mai bakin da ke sa ƙarfe magana ya rasa kalma ɗaya. Ya tashi ya ce sai an jima. A hanya ya yi ta zagin kansa, ya kuma yi ta ba kansa hujja: ai Sadiƙu ne ya fara, ai Garba ne ya tona kansa da ya tashi. Hujjar ba ta kai shi ko bakin titi take watsewa. Ya san amana aka ba shi, ya sayar da ita don dariyar 'yan kabu-kabu.

Da ya ji ƙishin-ƙishin cewa Garba na tambayar kuɗin motar Agadas, hankalinsa ya tashi sosai. Wannan ba hanyar Abijan ba ce mai kwalta, hanyar hamada ce, kuma kowa a Adar ya san gidan da aka yi zaman makoki babu gawa. Sai dabara ta zo masa, irin ta mutumin da bai iya komai ba sai sana'arsa. Da baki ya ɓata, da baki zai gyara. Ya roƙi Rissa suka kalli gaban wasan da hantsi, babu kowa, har suka iso inda Mu-Koma zai rabu da jirgi. Muktari ya ga akwai magana mai nauyi a wurin, kuma karon farko a rayuwarsa ya ji tsoron gishiri. Ya ɗauki katin ya kai wa wani malamin lakkwal da yake yi wa faci, ya zauna kamar ɗalibi aka warware masa ita kalma bayan kalma. Ya aiki Habi ta gaya wa Garba don girman Allah ya zo fada ran Lahadi.

Ran Lahadi fada ta cika. Muktari ya share tsohuwar tayar da hannun rigarsa, ya yi ta jan lokaci yana duban hanya, har Rissa ya ce rana na faɗuwa. Aka kunna. Jirgi ya bi ta kusa da ƙasar su Mu-Koma, Madugu ya buɗe masa ƙofa. Muktari ya faɗi abin da ƙarfen ya ce, bai ƙara ko ƙwaya ba: duk waɗanda suka bi ni gudun wani abu suke yi, kai kaɗai ka baro abin da ya isa a koma dominsa, kuma da kai na gane irin ƙasar da nake nema. Mu-Koma ya sauka, wata yarinya ta rugo ta rungume ƙafarsa. Jirgi ya tashi, Madugu ya daɗe tsaye jikin ƙofar da ya rufe.

Habi ta share ido da bakin zane ta ce hayaƙi ne. Tsoho Tanko ya yi gyaran murya ya ce to, bayan Gwaggo dai sai wannan yaro.

"Ni dama can ina son shi," in ji Sadiƙu. "Mutum na mai amana."

Muktari ya dube shi, ya so ya zage shi, sai ya tuna gwano ba ya jin warin jikinsa, ya haɗiye. Tayar nan babu kowa a kanta. Garba yana kasuwar dabbobi ranar, yana sayar da jakinsa.

Da safe, Muktari na tsugune yana murza roba, sai ga inuwa a kansa. Garba ne, da riga wankakkiya. A al'ada, mai doguwar tafiya yakan zaga 'yan'uwa da abokai a yafi juna, don ba a san abin da hanya ta ƙunsa ba. Ya riga ya je Bambeye, ya je wurin liman, ya bar Muktari a ƙarshe.

"Gobe za ni arewa," ya ce. "Na zaka mu yahi juna. In na taɓa yi maka wani abu, da sani ko ba sani, ka yahe min."

Wannan magana tana da amsarta, kowa ya haddace ta tun yana yaro, kuma ita ta fito daga bakin Muktari tun bai shirya ba: "Ba ka yi min komi ba, na yahe. Ni ma ka yahe min."

"Na yahe duniya da lahira."

Shi ke nan, an gama. Abin da ya yi makonni yana ɗauke da shi al'ada ta karɓe cikin numfashi ɗaya, ta ba shi yafiya irin wadda ake ba wanda ya taka maka takalmi a masallaci. Muktari ya miƙe, hannunsa duk baƙin roba, ya riƙe hannun rigar Garba.

"A'a, tsaya. Ba wagga nika nuhi ba. Maganar albasa, Garba. Ni na ci amanarka. Da ka ga fada jiya, dut sun juya, har Sadiƙu. Ka zamna, wallahi ni in tsaya gaban kowa in ce ƙarya niy yi."

"To ai ba ƙarya kay yi ba," in ji Garba, ba tare da fushi ba, kuma rashin fushin ya fi duka zafi. "Su fada Baturen talabijin sunka yahe ma, ba ni ba. Shi wasa yaka yi. Ni ɗiyata za ta girma a riƙa ce mata ɗiyar Mu-Koma." Ya zare rigarsa a hankali. "Ga gida nan, na bar maka amana. Na ce ma Kaltumi dut abin da yat taso ta hwaɗa maka. Ban da wani wanda ya hi ka."

Ya tafi. Ya kira daga Agadas ya ce sun sami mota, daga nan waya ta daina shiga. Masu sanin hanya suka ce haka take, wani lokaci sai an daɗe kafin a ji mutum, wani lokaci kuma su yi shiru su canza zance. A Ayarin Sama an ɗauki sabuwar abokiyar tafiya, wata mai gashi kore, fada ta rabu biyu a kanta. Muktari na nan yana fassara, don in ya bari mutane za su tambayi dalili. Sai dai Sadiƙu na ƙorafi cewa miyar ta yi lami.

Amanar kam ya riƙe ta. Ya gyara musu katangar da ruwa ya ci, ya kai ɗiyar Garba asibiti da zazzaɓi ya kama ta, in ya auno hatsin gidansa sai ya raba. Wata Jumma'a bayan an sauko masallaci ya kai musu hatsi, ya yi sallama a zaure. Kaltumi ta fito da lulluɓi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi ƙwaryar. Ya tambaya ko an ji wani labari, ta ce har yanzu shiru. Ta yi godiya mai tsawo, ta ce Allah ya bar zumunci. Har ta juya, sai ta tsaya, ta kira Muktari da sunan ɗiyarsa kamar yadda ta saba.

"Baban Haula, kahin shi tahi na tambaye shi mi ya tada maganar tahiyar ga, bayan ya zamna lahiya. Yac ce kai ka ba shi ƙarhin zuciya."

Ta gyara riƙon ƙwaryar a hannunta.

"Ni ko tun ran da yad dawo nika roƙon Allah kada kowa shi ba shi," in ji ta.

Ta shiga ciki da hatsin. Muktari ya tsaya a zauren yana jiran a miƙo masa ƙwaryarsa, yana jin yarinyar a tsakar gida tana tambayar uwarta ko Baba ne ya zo.